Kauri, ƙarfi da lamba: matsalar kalmomi wajen zaɓen wayar lantarkin mota a Madawa, Buza da Kaita

0. Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu duba yadda halshen hausa yake ɗaukar wani ɗan ƙaramin fanni na fasaha, watau zaɓen wayar da ta dace da kowane aiki cikin lantarkin mota. Mun tsaya ga gundumomin Madawa, Buza da Kaita, cikin jihar Tawa, sabili da dalilai biyu. Na farko, yanki ne da mota take da babban matsayi cikin tattalin arzikinsa: Madawa tana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, kuma daga nan manyan motoci suke kwasar albasa, Buza da Kaita kuwa suna cikin duwatsun Adar, inda ƙananan motocin kasuwa suke shan girgiza bisa hanyoyin tsakuwa. Na biyu, yankin yana kusa da iyakar Nijeriya, saboda haka kayan gyara da kalmomin gyara suna shigo masa ta fuska biyu: ana jin kuran da lantarki, ana jin buji da fulogi, na farko daga faransanci, na biyu daga ingilishi.

Abin da muke son nunawa shi ne, kalmomi uku na yau da kullum, watau ƙarfi, kauri da lamba, kowace ɗaya tana rufe abubuwa dabam-dabam waɗanda lissafi ya rarrabe. A cikin gareji wannan bai cika jawo ɓarna ba, don maigida yana nuna wa yaronsa wayar da yake nufi da hannu. A bisa takarda babu hannun da zai nuna. Tun da kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya mai da hausa halshen ƙasa a Nijar, bukatar littattafan koyon sana'a cikin hausa ta ƙara fitowa fili, kuma littafin da ya bar waɗannan kalmomi a cakuɗe yana iya zama sanadin gobara.

1. Abin da lissafi yake bukata

1.1. Kafin mu shiga batun kalmomi, wajibi ne mu san abin da ake son su faɗa. Masu garkar albasa sun san cewa ruwan da inji yake turowa cikin tiyo yana da hali biyu: akwai matsin da yake tafe da shi, akwai kuma yawan da yake kwararowa. Sun san kuma idan tiyo ya yi tsawo, ko cikinsa ya yi ƙunci, ruwan da zai kai ga fangali yana raguwa. Haka wutar mota take. Matsinta ana auna shi da volt (V): 12 V a ƙananan motoci, 24 V a manyan motocin ɗaukar kaya. Yawan da yake bin waya ana auna shi da amper (A). Aikin da fitila ko wani abu yake ci ana auna shi da wat (W). Dangantakarsu ita ce:

(1) amper = wat ÷ volt

Ƙwan babbar fitila irin H4 yana cin 60 W, watau 5 A a motar 12 V. Guda biyu 10 A ke nan.

1.2. Waya ba ta barin wuta ta wuce kyauta. Tana riƙe wani kashi na matsin, ta mai da shi zafi. Abin da ya ɓace a hanya ya dogara ga abu huɗu: irin ƙarfen, tsawon wayar, yawan amper, da faɗin fuskar ƙarfen idan aka yanke wayar, wanda faransanci yake kira section, ana kuma auna shi da milimita murabba'i (mm²). Ga jan ƙarfe, a zafin 20°C:

(2) volt da suka ɓace = 0,0175 × tsawo (mita) × amper ÷ faɗi (mm²)

Tsawon da ake nufi shi ne na zuwa da dawowa. A mota, sau da yawa jikin motar ne yake maido da wuta ga batir, abin da ake kira mas, amma idan an ja waya biyu sai a haɗa tsawonsu. Ƙa'idar da aka saba bi ga fitilu ita ce kada asarar ta wuce kashi 3 cikin 100, watau 0,36 V a motar 12 V.

1.3. Mu ɗauki misalin motar kasuwa da ake son ƙara wa fitilu biyu na 100 W a bisa rufi, don tafiyar dare tsakanin Buza da Kaita. Jimilla 200 W, watau 16,7 A. Idan wayar ta kai mita 6 zuwa da dawowa, faɗin da ake bukata shi ne 0,0175 × 6 × 16,7 ÷ 0,36, wanda ya ba da 4,9 mm². Tun da babu wannan girma a tsarin Turai, sai a hau zuwa na gaba, 6 mm². Idan aka sa ta 1,5 mm², asarar tana kai 1,17 V, kusan kashi 10 cikin 100, kuma hasken ƙwan halojen yana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100, don haske ya fi matsi saurin faɗuwa. Idan aka sa ta 0,75 mm², irin wadda ake ja wa fitilar ɗaki, kusan 39 W ne za su koma zafi cikin wayar kanta.

Da a babbar mota ce mai 24 V, fitilun nan 8,3 A kawai za su ja, asarar da aka yarda da ita ta zama 0,72 V, waya ta 1,5 mm² ta wadatar. Ninka matsi sau biyu yana rage faɗin da ake bukata sau huɗu.

1.4. Yanayin Adar yana ƙara tsananta lamarin. Juriyar jan ƙarfe ga wuta tana ƙaruwa da kusan 0,4 cikin 100 a kowane digiri guda na zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce 40°C, kusa da inji kuwa ya fi haka nesa. Wayar da ta kai 80°C asararta ta fi ta lissafi na (2) da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Robar da take rufe ta ita ma tana da iyaka: ƙa'idar ISO 6722, wadda ta shafi wayoyin mota, ta sa wa aji na farko 85°C, na biyu 100°C. Girgiza kuma ita ce dalilin da ya sa wayar mota take da sili da yawa. Wayar gini mai ƙarfe guda tana karyewa a wurin ɗauri bayan ƴan watanni bisa tsakuwa.

2. Ƙarfi

Tun 1955 F. W. Parsons ya bayyana wani rukunin sunaye na hausa masu nuna halin da gaɓoɓin jiki suke ji: ƙarfi, kauri, faɗi, zurfi, nauyi, zafi, sanyi, tauri. Siffarsu ɗaya ce: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sama duka, ƙarshe da dogon wasalin i. Daga gare su ake samun sifa (ƙaƙƙarfa, kakkaura, faffaɗa) da aikatau (ƙarfafa, kaurara, faɗaɗa). Abin da ya shafe mu a nan shi ne ma'anarsu: suna faɗin yadda abu yake ga ido ko ga hannu, ba tare da ma'auni ba. Yawancin kalmomin da mai gyaran wutar mota yake aiki da su daga wannan rukuni suka fito.

Mu dubi jimlolin nan, waɗanda duk mai jin hausa zai karɓa:

(3) Batirin babbar mota ya fi na ƙarama ƙarfi.
(4) Wannan fitila ta fi waccan ƙarfi.
(5) Wuta ta yi wa wayar ƙarfi.
(6) Sa waya mai ƙarfi.

A (3) ana iya nufin volt, a (4) wat, a (5) amper. A (6) kuwa ana iya nufin wayar da ba ta tsinkewa in an ja ta, ko wadda take ɗaukar amper da yawa, alhali waɗannan halaye biyu ba dole su haɗu ba: wayar baƙin ƙarfe ta fi ta jan ƙarfe wuyar tsinkewa, amma ta fi ta riƙe wuta nesa ba kusa ba.

Illar wannan cakuɗa tana fitowa idan aka haɗa (3) da (6). Mai koyo zai yi tsammani tun da wutar babbar mota ta fi «ƙarfi», to ita ce take son waya mai kauri. Mun gani a 1.3 cewa akasin haka ne: ga aiki iri ɗaya, motar 12 V ce take bukatar wayar da ta fi faɗi sau huɗu. Amper ne yake zafafa waya, kuma shi ne ainihin abin da kalmar ƙarfi take ɓoyewa.

3. Kauri

Idan maigida ya ce da yaronsa «Miƙo mini mai kaurin nan», yaron ya ce «To, maigida», ya miƙo, babu wanda ya tambayi kaurin mene ne. Amma waya tana da kauri uku:

a) kaurin waje, watau ƙarfe tare da robar da ta rufe shi, wanda shi ne ido yake gani;
b) kaurin ƙarfen shi kaɗai, daga gefe zuwa gefe, da milimita (faransanci diamètre);
c) faɗin fuskar ƙarfen, da milimita murabba'i.

Na uku ne kaɗai yake shiga lissafi na (2), kuma shi ne hausa ba ta ware masa suna ba. Tsakanin (b) da (c) dangantakar ba ta miƙe ba: idan kaurin ƙarfe ya ninka sau biyu, faɗinsa yana ninkawa sau huɗu. Waya ta 2,5 mm² kaurin ƙarfenta 1,8 mm ne. Wadda kaurinta ya kai 2,5 mm kuwa faɗinta 4,9 mm² ne. A bakin masu sana'a, cikin faransanci ma, akan yar da alamar murabba'i a ce «biyu da rabi» kawai, sai mai sauraro ya zaɓi wanda ya ga dama.

Tsakanin (a) da (c) kuwa babu dangantaka ko kaɗan, kuma nan ne kasuwa take samun kafar ha'inci. Ana iya kaurara roba a rage ƙarfe. Akwai kuma wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda a ido ba ta da bambanci da ta gaskiya. Inda jan ƙarfe yake da 0,0175, alminiyam yana da 0,028, saboda haka sai faɗinta ya fi na jan ƙarfe sau 1,6 kafin ta yi aiki iri ɗaya. Ana gane ta idan aka kankare sili da wuƙa cikinsa ya fito fari, kuma ba ta da nauyi a hannu. A nan sunan jan ƙarfe shi kansa yana da rauni, don ya kira ƙarfen da launinsa, launi kuwa shi ne abin da ake iya shafawa.

4. Lamba

Mai karatu zai ce mafita ita ce a bar siffantawa a koma ga lamba. Sai dai motocin da suke bin hanyar Madawa ba daga ƙasa ɗaya suka fito ba. Akwai Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Akwai Toyota iri-iri na Japan. Akwai tsofaffin motocin Turai da aka daɗe ana shigowa da su ta tashar Kwatano kafin rufe iyaka a 2023. Wayoyin da ake sayarwa su ma haka. Tsari huɗu ne suke haɗuwa:

a) Tsarin Turai, lamba tana nuna mm²: 0,5, 0,75, 1, 1,5, 2,5, 4, 6, 10, 16, 25, 35, 50.
b) Tsarin Japan, shi ma mm² ne, amma matakansa dabam: 0,5, 0,85, 1,25, 2, 3, 5, 8.
c) Tsohon tsarin Ingila, lamba tana nuna yawan sili da kaurin kowane: 14/0,30 na nufin sili 14 masu kaurin 0,30 mm, watau kusan 1 mm², 28/0,30 kuwa 2 mm².
d) Tsarin Amurka, AWG, wanda ya samo asali a 1857: 18 = 0,82 mm²; 16 = 1,31; 14 = 2,08; 12 = 3,31; 10 = 5,26; 4 = 21,2.

Tsari na huɗu a juye yake tafiya: gwargwadon girman lamba, gwargwadon sirancin waya. Dalili kuwa na tarihi ne, don lambar tana da nasaba da sau nawa aka jawo ƙarfen ta cikin ramin da yake sirantar da shi. Duk hawan mataki uku yana raba faɗi biyu.

Sakamakon haka, jimla kamar wannan ba ta da ma'ana guda:

(7) Sayo waya lamba 16.

A tsarin Turai, 16 igiya ce mai kaurin da za ta iya kai wuta ga abin tayar da injin ƙaramar mota, wanda yake jan fiye da 100 A cikin ƴan daƙiƙu. A tsarin Amurka, 16 siririya ce ta 1,31 mm², ƙasa da waccan sau 12. Lamba 4 kuwa a juye: 4 mm² a Turai, 21,2 mm² a Amurka. Haka nan «babbar lamba» da «babbar waya» abu ɗaya ne a tsari uku, kishiyoyi ne a na huɗu. Ƙari ga wannan, Nijar tana rubuta 2,5 da waƙafi, Nijeriya 2.5 da ɗigo, kuma a bisa robar da ta sha ƙura da mai dukansu suna iya zama 25.

5. Fis da launinsa

Zaɓen waya bai cika ba sai an haɗa shi da fis, wanda a Nijar akan kira da sunansa na faransanci, fusible. Aikin fis shi ne ya narke kafin waya ta yi zafin da zai cinye robarta. Wayar yake karewa, saboda haka a kusa da batir ake sa shi, kuma lambarsa ba ta wuce abin da wayar take iya ɗauka. Da taka-tsantsan, ga waya ta jan ƙarfe mai rigar roba ta yau da kullum, akan ba 1 mm² kimanin 10 A, 1,5 mm² 15 A, 2,5 mm² 20 A, 4 mm² 30 A, 6 mm² 40 A, a rage idan wayoyi suna ɗaure a dami ko suna kusa da inji. Ke nan gwaji biyu ake yi wa waya, na zafi da na asarar volt, a ɗauki wanda ya fi bukatar faɗi. A misalin 1.3, waya ta 2,5 mm² ta ci gwajin zafi, amma ta faɗi na asara.

Wanda bai yi karatu ba da launi yake sanin fis, kuma a nan ma tsari biyu ne. A fis mai ƙafa biyu na zamani, ja 10 A ne, shuɗi 15, rawaya 20, tsanwa 30. A tsohon fis mai tsini biyu na motocin Turai, rawaya 5 A ne, fari 8, ja 16, shuɗi 25. «Sa rawaya» na iya nufin 5 A ko 20 A. A cikin tsari na zamani kuma, na 5 A da na 7,5 A dukansu «ruwan ƙasa» Bahaushe zai ce da su. Fis da aka maye gurbinsa da guntun waya ko takardar azurfa ta kwalin taba ya daina zama fis: daga nan duk wayar motar ce za ta narke a madadinsa.

6. Shawarwari

Ba mu ga amfanin ƙago baƙin kalmomin da babu mai gyaran da zai furta su ba. Abin da muke ba da shawara shi ne a ɗauki kalmomin da suke nan, a ɗaure kowace ga ma'ana guda cikin rubutu:

matsin wuta (V): tension
yawan wuta (A): intensité
cin wuta (W): puissance
asarar matsi (V): chute de tension
rigar waya: isolant
kaurin ƙarfe (mm): diamètre
faɗin ciki (mm²): section
sili: brin

Mun zaɓi faɗi ga section don a hausa fili ake auna wa faɗi, kuma milimita murabba'i ma'aunin fili ne. Ciki kuwa yana tuna wa mai koyo cikin tiyo, yana kuma kawar da idonsa daga riga. Cin wuta tuni yana bakin mutane, tun da ana cewa abu kaza yana cin wuta. A bakin Adarawa, waɗanda Bernard Caron ya bayyana hausarsu a 1991, faɗi zai fito hwaɗi, kamar yadda fitila take fitowa hitila. Wannan lafazi ne, bai taɓa ma'ana ba, kuma ƙa'idar rubutu ta 1999 ta isa ta daidaita shi a takarda.

Ƙa'idodi uku ya kamata su bi waɗannan kalmomi cikin duk littafin da za a rubuta wa cibiyoyin koyon sana'a. Ɗaya, kada kalmar ƙarfi ta fito ita kaɗai a wurin da ake nufin awo. Biyu, kada lamba ta fito ba tare da ma'auninta ba: 16 mm², ko AWG 16, ko fis 16 A. Uku, a koya wa yaro feɗe rigar waya ya ƙirga sili: idan silin na 0,30 mm ne, kowane yana da kimanin 0,07 mm², saboda haka sili 14 sun ba da 1 mm², sili 35 sun ba da 2,5 mm². Wannan lissafi ne da ake yi da yatsa, ba ya bukatar faransanci ko ingilishi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfi yana haɗa volt, amper da wat, kauri yana haɗa awo uku, lamba kuma tana hidima ga tsari huɗu da ɗaya daga cikinsu yake tafiya a juye. Wannan ba naƙasa ce ta hausa ba. Faransancin yau da kullum shi ma yana cewa wuta ta yi ƙarfi, waya ta yi kauri, sai da makarantun fasaha suka yi shekaru suna tacewa kafin kalmominsa su tsaya. Aikin da ya rage wa hausa ke nan, kuma aiki ne da mai nazarin halshe ba zai iya shi kaɗai ba, sai tare da malamin lantarki da maigidan gareji. Akwai kuma abin kula ga masu buga littafin: kauri da ƙauri, watau warin abin da yake ƙonewa, lanƙwasar baƙi guda ce ta raba su, kuma na'urar da ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya iri ɗaya take rubuta su. A littafin wayar mota dukansu biyu za su fito, sau da yawa a shafi ɗaya, saboda haka wajibi ne a tabbatar da ƙugiyar kafin a kai shi maɗaba'a.